Tsohon gidan dutsen murjani a Balad ta Jidda: yadda aka gina shi da yadda ake gyara shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni birkila ne mazaunin Jidda. Magadan wani tsohon gida mai hawa huɗu a unguwar Haratul Mazlum, cikin Balad, wato tsohon garin Jidda, sun kira ni in gyara musu. Shafen bango yana zubewa daga ƙasa har ƙugun mutum, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, akwai tsaga a kusurwa ɗaya, babbar tagar katakon gaba kuma ta sunkuyo. Niyyata in ɓamɓare shafen, in yi filasta da siminti, in zuba dekin a sama, in yi fenti. Sai wani ya ce mini gidan yana cikin waɗanda hukuma ta kare, kuma siminti zai lalata shi. Yaya ginin gidajen nan yake, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa wanda ya tsayar da kai da alheri, domin gaskiya ya faɗa maka. Filastar siminti da dekin da fentin mai, su ukun nan da ka lissafa, suna cikin manyan abubuwan da suka ci gidajen Balad. Ka ajiye su tukuna.

Maganar hukuma gajeruwa ce. Tun 2014 UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a shekarar ne kuma Saudiyya ta fitar da dokar kare kayan tarihi da tsofaffin gine-gine. Yanzu unguwar tana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Al'adu, wadda ke da shiri na musamman a kan Jidda ta tarihi. Ko gidan mallakar magada ne ko wakafi, ba a rushe wani sashe nasa ko a sauya masa kama sai da izini a rubuce. Masu gida ne za su nemi izinin, kai kuma kada ka ɗora guduma a bango sai ka ga takardar da idonka, musamman idan da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, kake zaune a ƙasar.

To, ga yadda gidan yake. Idan ka taɓa zama a gidan ƙasa a Kano ko Zariya, ka riga ka san rabin karatun: bango mai kauri a gindi da ke sirancewa yana hawa, azara a rufi, indararo mai jefa ruwa nesa, da yaɓe kafin damina. Dutsen da aka yi ginin da shi maginan Jidda suna ce masa mangabi. Dutsen murjani ne, amma ba jan nan da mata ke sawa a wuya ba. Fari ne mai duhu-duhu, cike da ramuka kamar soso, ana haƙo shi a gaɓar teku, musamman wajen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohon gari. Ba shi da nauyi sosai, yana da laushi har ana sassaƙa shi da gatari, kuma yana shan ruwa kamar burodi. Ka ɗauki gutsure ɗaya da ya faɗo ka duba da kyau, za ka ga zanen halittun teku da ɓawon katantanwa a jikinsa, ka murza shi da babban yatsa ya bar maka gari.

Bangon fuska biyu ne. Ana jera sassaƙaƙƙun duwatsu a waje da ciki, a cike tsakiya da ɓaraguzai da laka. Lakar baƙa ce, daga bakin tafki ake ɗebo ta, wani lokaci a gauraya ta da nura, wato farar ƙasar da ake samu idan an ƙona dutsen. A hawa na ƙasa kaurin bango yakan kai santimita 70 zuwa 80, yana raguwa hawa bayan hawa. Harsashin ba shi da zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana kusa, ga shi da gishiri.

Dutse mai laushi da laka ba za su ɗauki hawa huɗu ko biyar su kaɗai ba. Abin da ke riƙe su shi ne itacen da ake kwantarwa a cikin bango, kusan kowace mita ɗaya, wato bayan layi biyar ko shida na dutse. Sunansa takalil. Shi ne baƙin layin da kake gani ya zagaye gidajen kamar ɗamara. Ana sa shi a fuskar waje da ta ciki, a haɗa su da gajerun itatuwa da ke ratsa kaurin bangon, a kusurwa kuma a sarƙe su. Yana raba nauyi daidai, yana hana fuskokin biyu rabuwa, idan kuma ƙasa ta ɗan zauna a gefe ɗaya sai bangon ya bi ta a hankali maimakon ya tsage daga sama har ƙasa. Akwai wani amfanin da magini zai fi kowa gane daɗinsa: saboda ɗamarar nan, ana iya tokare bango a cire ruɓaɓɓun duwatsun da ke tsakanin takalil biyu a sa sababbi, na sama ba su zubo ba. Waɗanda suka yi ginin sun yi shi ne da sanin cewa za a riƙa gyara shi.

Rufin kowane hawa da gandal ake yi, wasu zagayayyun sanduna na itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, jiragen ruwa ne ke kawo su. Ana jera su kusa da juna, a shimfiɗa tabarmar kaba, a zuba ƙasa da tsakuwa, a daɓe da nura. Tsawon gandal shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa yawancin ɗakunan ba sa wuce mita uku da ɗoriya a faɗi, kamar dai yadda azara ke yanke wa maginin Hausa faɗin soro. Matakala tana zagaye wani ƙaƙƙarfan ginshiƙi da ya tashi daga ƙasa har sama. Ita ce ƙashin bayan gidan, kuma ta cikinta iska mai zafi ke hawa ta fice. A ƙasa akwai dahliz, wanda shi ne zaurensu, da wurin zaman baƙi maza, sau da yawa da sahrij a ƙarƙashi, wato tafkin tara ruwan sama. Iyali suna hawa na tsakiya. Can sama akwai mabit, ɗakin kwana na lokacin zafi, da kharja, filin da ba rufi amma an kewaye shi da katanga mai ƙofofin iska.

Tagar da ka ce ta sunkuyo ita ce roshan, jam'inta rawashin, kuma ita ce fuskar gidan. Akwatin katako ce da ta fito daga bango kamar rabin mita ko fiye, tana zaune a kan itatuwan da aka dasa cikin bangon, da wasu 'yan tokara a ƙarƙashi. Mafi kyawunta da katakon saj ake yi, wanda suke kira jawi don daga wajen Jawa ake kawo shi, itace mai mai a jikinsa da ke jure gishiri da gara. Tana da murafe masu zamewa sama da ƙasa, da ragar katako da ake kira mangur, da hula a kanta mai kare rana da ruwa. Jidda gari ne mai zafi da gumi, iskarsa mai daɗi daga arewa da arewa maso yamma take zuwa, roshan kuma ita ke tace hasken rana ta shigo da iskar. Mata suna zama a cikinta su ga titi ba a gan su ba, ana jera tulunan ruwa a bakinta su yi sanyi. Ta kuma rage wa bango nauyi, domin inda take da dutse ne zai cike wurin.

Kafin ka taɓa gidan magadan nan, ka je Baitu Nasif a kan titin Suƙul Alawi ka yi awa guda kana kallo. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 domin Umar Nasif, a zamanin da kasuwancin Jidda ya bunƙasa bayan buɗe mashigin Suwes a 1869, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin tamu ta gida. Ka lura da matakalarsa: faɗi gare ta, tudunta kaɗan-kaɗan, har ana cewa raƙumi yakan hau da kaya zuwa sama. Ka tsaya a gindinta ka ji yadda iska ke ja. Ka fito waje ka ƙirga layukan takalil, ka dubi yadda rawashin suka hau kan juna a fuskar arewa. Abin da za ka gani a can shi ne a gidan da aka kira ka, sai dai ƙarami.

Yanzu ciwon gidan. Farin garin nan gishiri ne. Bango yana tsotso ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ruwan ya hau ya bushe a fuskar bango ya bar gishirinsa. Muddin shafen nura ne, gishirin a cikin shafen yake taruwa, shafen ya ruɓe ya zube, dutsen ya tsira, a sake shafe. Haka aka tsara abin tun farko. Idan ka rufe da siminti, ruwan ba shi da mafita a ƙasa, sai ya ƙara hawa sama har ya tarar da takalil na farko da kawunan gandal ya jiƙa su, gara ta samu gida. Gishirin kuma ya koma taruwa a bayan filastar, cikin ramukan dutsen, yana kumbura yana niƙe shi. Siminti ma da nasa gishirin yake zuwa. Ga tauri: gidan yana motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya bin sa, sai ya tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar ya kasa fita. Bayan 'yan shekaru za ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, ran da ya faɗo kuma da fuskar dutsen zai taho. Abin da ya fi ciwo shi ne a shekarar farko aikin yana yin kyau, masu gida su yi ta godiya, alhali ɓarnar tana ci a ɓoye.

Saboda haka aikin farko neman inda ruwa ke fitowa ne. A rufe duk famfunan gidan a dubi mita, idan tana juyawa akwai bututun da ke yoyo. A duba bayyara, wato ramin da ruwan ƙazanta ke taruwa, da bututun banɗaki, domin an shigar da su gidajen nan ne daga baya, sau da yawa ta hanyar fasa bango. A duba kowane mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki: a lokacin gumi guda ɗaya yana iya zubar da lita goma ko fiye a yini, idan a jikin bango yake ɗiga to kamar an sa wa gidan famfo ne. A duba sahrij ko akwai ruwa kwance a ciki. A duba titi, domin kwalta da daɓen da aka yi ta ɗorawa sun sa ƙofar wasu gidaje ta koma ƙasa da hanya. A hau sama a duba indararo. Ruwan sama a Jidda kaɗan ne, amma idan ya zo a kaka da hunturu yakan zo da ƙarfi, kowa ya tuna ambaliyar Nuwambar 2009 da ta Janairun 2011, indararo ɗaya da ya toshe kuma ya isa ya jiƙa rufi gaba ɗaya.

Tsagar kusurwa kada ka cike ta yanzu, ka fara sanin ko tana da rai. Ka ɓamɓare shafe kaɗan har ka ga dutse, ka manna ɗan jibs, wato farin garin POP da aka kwaɓa, mai faɗin tafin hannu a kan tsagar a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka riƙa dubawa duk mako har wata biyu. Idan jibs ɗin ya tsage, ginin yana kan motsi. Ka kuma sako igiya mai ƙarfe a baki daga saman gida ka auna karkatar bangon. Idan tsagar ta wuce milimita biyar, ko ta fi faɗi a sama, ko karkatar ta doshi kashi ɗaya cikin shida na kaurin bango, misali santimita 12 a bango mai 70, to aikin ya wuce na birkila shi kaɗai. A fitar da mutane daga ɓangaren, a tokare, a kira injiniyan da ya san tsofaffin gine-gine. A mafi yawan lokuta za a tarar takalil ne ya ruɓe a kusurwar, ɗaurin ya kwance.

Gwajin itace da tsinken ƙarfe ake yi. Ka soka shi a takalil da kawunan gandal inda suka shige bango, domin a nan suke fara mutuwa ko da tsakiyarsu tana da kyau. Idan ya shige fiye da santimita ɗaya ba da ƙarfi ba, ko ka ga hanyar ƙasa irin ta gara, wurin ya tafi. Ana sauya takalil ne guntu-guntu, kada ya wuce mita ɗaya a lokaci guda, kuma ba a buɗe wurare biyu maƙwabta tare. A tokare, a zare ruɓaɓɓen, a sa busasshen itace mai tauri da aka shafa wa maganin gara, a haɗa shi da tsohon da yankan gicciye mai tsawo yadda za su hau kan juna. Kada a maye gurbinsa da rodi ko bim na kankare. Ƙarfe a cikin bango mai gishiri tsatsa yake yi, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa dutse. Ko ƙusa za a sa, a nemi ta tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Sai nura, wadda ita ce zuciyar aikin. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 900, ya zama nura mai rai. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kanta, domin tana tafasa tana fantsama. Tabarau da safar hannu dole ne, tana ƙona fata tana makantarwa. A tace ta, a bar ta a rami ko durom da ruwa a kanta aƙalla wata uku, har ta yi laushi kamar kindirmo mai kauri. Idan garin nura na buhu kaɗai ka samu, ka jiƙa shi ya kwana biyu ko fiye kafin amfani, amma bai kai waccan daɗin aiki ba. Awo shi ne kwano ɗaya na nura, kwano biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi da aka wanke. Yashin teku da ruwan gishiri ba su da wuri a nan. Kada kuma a ce bari a ɗan barbaɗa siminti don ya yi saurin kamawa, wannan ɗan kaɗan ɗin yana toshe ramukan da ake so su zauna a buɗe. Ba a cika ruwa a kwaɓin, bugu ake yi da juyi har ya yi danƙo.

Idan an taɓa yin facin siminti a wani wuri, a cire shi da kurfi da ƙaramar guduma, ban da injin fasa kankare, girgizarsa tana sassauta cikin bango. Gishirin da ke fuskar dutse a share shi a bushe da burushi, a kwashe a fitar daga gidan. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne. Inda lakar tsakanin duwatsu ta zube, a ƙwaƙule zurfin ninki biyu na faɗin gaɓar, a jiƙa, a cusa sabon kwaɓi a danna. Ƙasan bangon nan da ya kai ƙugu kada a yi masa shafen ƙarshe yanzu. A yi masa na wucin gadi mai rauni, nura ɗaya yashi huɗu, kauri kamar santimita biyu, a bar shi ya sha gishiri ya ruɓe, a ɓamɓare a sake. Bango mai wannan kauri yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, wani lokaci fiye da shekara, gara ka gaya wa masu gida haka tun yau don kada su zaci aikinka ne ya lalace.

Shafe na gaskiya hawa uku ne: na farko a watsa shi da ƙarfi ya kama dutse, na biyu ya daidaita, na uku siriri mai laushin yashi. Kowane hawa kada ya wuce santimita ɗaya ko ɗaya da ɗigo biyu, a karce shi, a ba shi kamar mako guda kafin na gaba. Nura da iska take taurara, sannu a hankali, kuma sai da 'yar danshi. Idan ranar Jidda ta buge ta ta bushe a yini ɗaya, gari za ta zama. A rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gabanta, a riƙa yayyafi safe da yamma, a kuma zaɓi watannin sanyi. A ƙarshe a shafe da ruwan nura mai tsinkewa kamar madara, sau uku zuwa biyar. Inda akwai zanen da aka sassaƙa a shafe, musamman a kan ƙofar shiga, a ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, kuma duk abin da ke riƙe da bango a bar shi.

Dekin kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kankare mai kaurin santimita 10 yana da nauyin kusan kilo 240 a kowace murabba'in mita, tankin ruwa mai lita 1,000 kuma tan guda ne a wuri ɗaya. Bangon sama shi ne mafi siranta, gandal ɗin ya haura shekara ɗari. A gyara rufin da irin kayansa, a ba shi gangare na santimita biyu a kowace mita zuwa indararo, tanki kuma a sauko da shi ƙasa. Wayoyin lantarki a sabunta su cikin bututu a kan fuskar bango, domin gobara ta ci gidaje da dama a Balad, lungunan kuma motar kashe wuta ba ta shiga da sauƙi.

Roshan da ta sunkuyo, kusan kullum itatuwan da ke ɗauke da ita ne suka ruɓe a cikin bango, ko dutsen da ke danne da gindinsu ya saki. A hana kowa zama a ciki, a tokare ta daga titi tun yau idan hukuma ta yarda, a kuma kare masu wucewa. Kada a ɗaga ta da jak a lokaci ɗaya, katakon ya saba da karkatar, zai tsage. Idan sai an sauke ta, a sa wa kowane guntu lamba a ɗauki hoto, domin haɗin tsohon kafinta ne na shiga-da-fita, ba kowa ke iya mayar da shi ba. Ruɓaɓɓen wuri kaɗai ake yankewa a yi ƙari da saj. Ba a ƙona tsohon fenti da wuta, ba a sa faranti mai gurza, ba a shafa banish mai ƙyalli. Man da ake sayarwa da sunan zaitul kattan, wato linseed oil da Turanci, a shafa siriri a goge, ya wadatar, sai dai tsumman da aka yi aikin da shi a jiƙa shi da ruwa kafin a yar, yana iya kama wuta da kansa.

Kakanninmu da suka zo Hajji a ƙasa ta Sudan, da yawansu daga Sawakin suka hau jirgin ruwa, kuma gidajen Sawakin 'yan'uwan na Jidda ne, dutse ɗaya, rawashin iri ɗaya. Da aka mayar da tashar jirage Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, masu gidajen suka tashi, aka daina shafe, aka daina gyaran indararo, yau yawancinsu tarin duwatsu ne. Don haka ka sa wa magadan nan sharaɗi a cikin yarjejeniyarku: duk shekara kafin Nuwamba a share rufi da indararo, a duba itace da tsinke, a taɓa shafen da ya fashe, bayan 'yan shekaru a sake ruwan nura. Su kuma bar rawashin da ƙofar saman matakala a buɗe wasu awanni kullum, ko da ba mai kwana a gidan. Kafin izini ya fito, ka jiƙa nurarka tun yanzu, wata ukun nan za su wuce kana jiran takarda da sakamakon jibs. Allah ya ba da sa'a, Malam.